Kujerar ofis tana cin jikinmu a hankali, mu kuma mun ɗauke ta alamar girma

Zariya garin ma'aikata ne, wannan kowa ya sani. Daga Samaru zuwa Kongo, asibitin Shika, kwalejin Nuhu Bamalli, makarantar koyon tuƙin jirgin sama, cibiyoyin Basawa, bankunan PZ, sakatariyar ƙaramar hukuma, ga masu shagon kwamfuta da ke buga wa ɗalibai furojet tun safe har dare, ga masu POS a ƙarƙashin laima, dubban mutane ne da abincinsu yake kan kujera. Kuma in ka lura da su za ka ga kusan hanya ɗaya jikinsu yake bi. Mutum zai kama aiki yana ɗan siririnsa da kuzarinsa, bayan wasu shekaru tela ya fara ƙara masa yadi, tumbi ya fito, 'yan uwa su ce kai madalla hutu ya karɓe ka, daga nan sai ciwon baya, sai yawan kasala bayan azahar, wata rana ya je asibiti don zazzaɓi kawai nas ta ɗaura masa abin awo a dantse ta ce malam ka daɗe da hawan jini? Shi bai ma san yana da shi ba.

Ku lissafa ranar irin wannan ma'aikacin. Ya fito gida ya shiga mota ko ya hau acaba daga bakin ƙofa, an sauke shi a bakin ofis, ya zauna daga takwas zuwa huɗu ko biyar, in fayil zai je ofishin da ke kusa akwai masinja, in abinci ne akwai yaron da za a aika, in magana ce da abokin aiki da ke ƙasan bene sai a buga waya. An tashi ya koma mota, ya sauka a majalisa ya zauna kan benci har magariba, bayan isha'i tuwo, sai waya a hannu har bacci ya ɗauke shi. In aka haɗa ba wuya ka samu awa goma sha biyu a zaune. Babu wanda ya zauna ya tsara wa kansa wannan rayuwar, kuma ba lalaci ba ne, mutane ne masu aiki tuƙuru da ƙwaƙwalwarsu, kawai dai duk wani motsi da iyayenmu suke yi ba tare da sun kira shi motsa jiki ba, zuwa gona, jan ruwa a rijiya, daka, tafiya daga cikin gari zuwa Tudun Wada a ƙasa ko a keke, an bi shi ɗaya bayan ɗaya an cire daga ranarmu, ba a maye gurbinsa da komai ba.

Maganar cewa zama yana da illa ba sabuwa ba ce. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jerry Morris ya fitar da bincikensa kan ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan, mutum wajen 31,000. Direba yana zaune kusan duk yinin aikinsa, kwandasta kuma yana hawa da sauka a matakalar motar yana karɓar kuɗi. Rayuwarsu kusan ɗaya, motar ma ɗaya, amma direbobin sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma in ya zo musu ya fi saurin kashe su. Ya duba ma'aikatan gidan waya ya ga abu ɗaya, masu yawon raba wasiƙa sun fi masu zama a kanta lafiyar zuciya. Da aka ce masa ai wataƙila dama can masu jiki ne suke zaɓar tuƙi, sai ya koma ya duba awon wandunan da kamfanin yake ɗinka musu, ya ga gaskiya ne ƙugun direbobin ya fi faɗi, amma ko an kwatanta masu ƙugu iri ɗaya kwandasta ya fi tsira. Ni wannan wurin ne ya fi jan hankalina, domin ya nuna ba ƙiba kaɗai ba ce matsalar, siriri ma in yana yini a zaune bai tsira ba, kuma muna da sirara da yawa a ofisoshinmu da suke ganin wannan magana ba da su ake ba.

To me zaman yake yi wa jiki ne takamaimai? Manyan tsokokin jiki suna cinya da ɗuwawu da sha-raɓa, kuma su ne suke shanye mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan an ci abinci. In tsoka tana aiki, tana jan suga daga jini da kanta ko da insulin, sinadarin da ke tura suga daga jini zuwa cikin tsoka, bai yi yawa ba. In ka zauna ta yi shiru, sai sugan ya daɗe yana yawo a jini, jiki ya yi ta tura insulin da yawa don ya shawo kansa, a yi haka yau a yi gobe shekara da shekaru har jiki ya daina jin insulin ɗin yadda ya kamata, hanyar ciwon suga nau'i na biyu ke nan. Haka kitsen da ke cikin jini, akwai sinadarin da ke kwashe shi a cikin tsoka, shi ma aikinsa yana ja baya sosai in ba a motsi. Sannan jinin da ya sauka ƙafa ba ya komawa sama da kansa, sha-raɓa ce take matsa jijiyoyi ta tura shi duk lokacin da ka taka, kamar famfon tuƙa-tuƙa ne, in ba a tuƙa ba ruwa ba ya hawowa. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci da yamma takalmi ya matse shi, safa ta yi masa shaida a idon sawu. Duk waɗannan ba sa ciwo lokacin da suke faruwa, abin da ya sa suke da haɗari ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu da ƙwallo, sannan kwana biyu a sati ya yi abin da zai sa tsoka aiki. Matsakaici yana nufin tafiya da sauri wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga, ba tafiyar rangwaɗa ta zuwa ɗaurin aure ba. Minti 150 in ka raba kwana biyar rabin awa ne kullum, kuma ba dole sai a haɗe ba, goma nan goma can duk ana lissafawa. Hukumar ta ce a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya, mutum wajen biliyan 1.8, ba sa kai wannan.

Amma a nan ne maganar take da ɗan sarƙaƙiya, domin abu biyu ne daban da mutane suke haɗawa. Rashin motsa jiki daban, dogon zama ba tashi daban. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya haɗa bayanan mutum sama da miliyan ɗaya, aka ga wanda yake zama awa takwas ko fiye a rana yana buƙatar motsi na minti 60 zuwa 75 kullum kafin ya goge ƙarin haɗarin mutuwa da zaman ya jawo masa. Awa guda kullum fa. Faɗa min ma'aikacin banki a PZ da yake fita kafin bakwai ya dawo bayan magariba ina zai samo wannan awar, ko malamar da za ta tashi ofis ta biya makarantar yara ta dawo ta ɗora tukunya. Shi ya sa ni a ganina shawarar da ake yawan ba mu ta a je a yi rajistar gidan motsa jiki ko a sayi injin gudu ba ta taɓa inda ke mana ƙaiƙayi ba. Nawa ne albashin, kuma ina wutar da za ta ja injin? Abin da ya fi dacewa da mu shi ne a karya zaman tun daga cikin ofis. Wasu masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun gwada wannan suka fitar a 2023, sun zaunar da mutane awa takwas suna sa su tashi a lokuta daban-daban, wanda ya fi aiki shi ne tafiyar minti biyar duk bayan rabin awa, hauhawar suga bayan cin abinci ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, awon jini ya sauka da maki 4 zuwa 5. Mutum 11 ne kacal a gwajin don haka ba za a ɗora masa kaya da yawa ba, amma ya yi daidai da abin da aka sani game da yadda tsoka take aiki.

Mu kuma Allah Ya ba mu wani tsari da ba mu cika lura da shi ta wannan fuskar ba. Azahar da la'asar duk suna faɗowa cikin lokacin aiki ko gab da tashi, mutum zai miƙe, ya je ya yi alwala, ya taka zuwa masallaci, ya yi ruku'u da sujada, gwiwa da ƙugu da baya duk su lanƙwashe su miƙe. Wannan ya karya zaman sau biyu ba tare da ka nemi izinin oga ba. Sallah ibada ce ba don motsa jiki ake yin ta ba, kuma ita kaɗai ba za ta cika minti 150 ɗin nan ba tunda ba ta sa bugun zuciya ya ɗaga sosai, amma ana iya gini a kanta. Maimakon shimfiɗa darduma a bayan tebur a je masallaci, in akwai wanda ya ɗan fi nisa a je can, dama malamai sun sha faɗa mana kowane taku zuwa masallaci yana da lada. In an idar a zagaya ginin na minti goma kafin a koma kujera, musamman in an ci abincin rana, domin tafiya bayan cin abinci tana taimakawa wajen sauke suga, kuma ita ce maganin gyangyaɗin nan na ƙarfe biyu da rabi da kowa ya sani.

Sai dai babban abin da yake hana mu ba ilimi ba ne, ido ne. A garin nan in aka ga babban ma'aikaci yana tafiya a ƙasa daga Kwangila ya nufi Hanwa, kafin ya yi nisa mota uku sun tsaya, ranka ya daɗe lafiya, me ya sami motar? Wani ma a ransa ya riga ya yanke cewa an shiga wani hali. Darakta ya ɗauki fayil da hannunsa ya hau bene ana ganin ya zubar da girma, ƙaramin ma'aikaci zai rugo ya karɓe, kuma da kyakkyawar niyya yake yi, tarbiyya ce. Wato gwargwadon yadda mutum yake hawa matsayi gwargwadon yadda ake ɗauke masa motsi, a daidai shekarun da jikinsa ya fi buƙatar motsin, arba'in zuwa sittin. Masinjan da ake aika sau ashirin a rana wallahi ta wannan fannin ya fi ogansa riba. Tumbi kuma har yanzu a wajen wasu shaidar samu ne, alhali kitsen ciki shi ne mafi sharri a cikin kitse, don yana lulluɓe hanta da hanji ne, shi ya fi alaƙa da suga da ciwon zuciya. Gwajinsa ba ya buƙatar asibiti, karɓi tef ɗin tela ka auna cikinka ta wajen cibiya, bai kamata ya wuce rabin tsawonka ba. Mai tsawon santimita 170 cikinsa kada ya haura 85. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane da yawa sun ajiye mota sun koma takawa ko keke, wahala ce ta sa kuma ba wanda zai yi murna da ita, amma ta rage wannan kunyar, yanzu in an ga malami a kan keke a Samaru ba abin kallo ba ne kamar da. Ina ganin wannan ɗin ya kamata mu riƙe shi ko da sauƙi ya zo.

Mata nasu ya fi wuya, kuma ba a cika faɗa ba. Ana cewa ai aikin gida ya ishe su, wata kam gaskiya ya ishe ta har ya yi yawa, amma ma'aikaciyar da take da 'yar aiki ko yara sun tasa sun karɓe shara da wanki, ita ma daga kujerar ofis sai kujerar falo, ga nauyin haihuwa da bai gama sauka ba. Namiji zai sa wandon wasa ya fita, ita kuwa in ta fito da sassafe tana sauri a layi sai an yi magana. Abin da na ga yana yiwuwa shi ne mata biyu uku na ofis ɗaya ko unguwa ɗaya su haɗu su riƙa takawa tare da hijabinsu da kambas, cikin harabar makaranta ko wurin aiki inda ba idon 'yan majalisa, ko zagayen tsakar gida bayan asuba, ko tsalle da igiya ga wadda gwiwarta lafiya. Maigida kuma in ya raka matarsa sau ɗaya sau biyu bakin mutane mutuwa yake. Sannan don Allah a rabu da magungunan ƙiba da ake saya a kemis ba takardar likita, akwai irinsu dexamethasone da yake kumbura mutum ya kuma tada suga da hawan jini, haka shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya, yawancinsa gudawa da fitsari kawai yake sawa, ruwa ne yake fita ba kitse ba.

Game da taku 10,000 da wayoyinmu suke ƙirgawa, kada wanda bai kai ba ya karaya. Asalin lambar daga tallar wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965, ba daga asibiti ta fito ba. Wani bincike na Jami'ar Harvard ta Amurka a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna masu taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai a tsawon lokacin binciken, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Ma'ana wanda ya tashi daga kusan babu zuwa kaɗan shi ya fi kowa cin riba. Masu ƙwallon Asabar da Lahadi su ma ƙwallon tana shiga lissafi, kawai dai wanda ya yi kwana biyar a kujera kada ya faɗa fili ba ɗumama jiki, nan ake samun tsagewar tsoka da targaɗe. Ma'aikatan jihar Kaduna da a Disambar 2021 aka ce su yi aikin Juma'a daga gida, in har tsarin yana nan, suna da safiyar da za su iya ware awa guda a ciki.

Ciwon baya da wuya shi ne wanda ake ji tun kafin sauran su bayyana. Kujerun ofisoshinmu da yawa sun lotsa, wasu ma na roba ne, laftof kuma yana ƙasa sai an sunkuya masa. Ɗora shi kan tsofaffin fayil ko littattafai har saman allon ya zo daidai ido, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, a naɗe ɗan tawul a sa a bayan ƙugu, a cire walat daga aljihun baya. Amma ko kujerar miliyan aka saya maka in ka daskare a kanta awa uku bayan zai yi ciwo, canza zama da miƙewa su ne maganin. Ido ma haka, duk bayan minti 20 a ɗaga kai a kalli wani abu mai nisa ta taga na daƙiƙa 20. Tsoka kuma ba sai da ƙarfe ba, tashi-zauna daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba, tura bango, ɗaga dunduniya kana tsaye kana amsa waya, hawa bene maimakon jiran lifta.

Abinci ba zan ja shi da tsawo ba amma ba ya rabuwa da wannan. Muna cin abincin manomi muna aikin akawu. Malmalar tuwo uku da ta dace da wanda ya yini yana huɗa ba ta dace da wanda ya yini yana danna kwamfuta ba. Ga shayi mai kauri da madara da suga cokali huɗu da safe, ga lemon kwalba a kowane mitin, robar 50cl ɗaya tana iya ɗaukar suga wajen giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce a yini gaba ɗaya. Gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, a ciki har da wanda ke cikin magi da indomi da yajin tsire. A rage malmala a ƙara miya da ganye, zogale, rama, kuka, kuɓewa, wake, duk suna nan a kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada. Babban gwajin da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 kan mutanen da suke gab da kamuwa da suga ya nuna tafiyar minti 150 a sati da rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyi sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, maganin suga na metformin kuma ya rage kashi 31.

Yanayin garin ma sai an yi dabara da shi. Daga Maris zuwa Mayu rana ba ta wasa, tafiya sai bayan asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu. Lokacin hunturu mai asma ya sa takunkumi ko ya yi nasa a cikin gida in ƙura ta yi yawa. Manyan titunanmu irin hanyar Samaru ba su da wurin masu tafiya a ƙasa a wurare da yawa ga tireloli, gara cikin unguwa ko harabar makaranta, a kuma riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, kada a bi wurin da ba mutane da duhu. Da azumi a sassauta, a bar mai ƙarfin sai bayan an sha ruwa.

Wanda ya haura arba'in, ko yake da suga ko hawan jini, ko aka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki a gidansu, ya fara zuwa a auna shi kafin ya ɗauki abu mai nauyi, awon jini ba ya cin minti biyar kuma kemis da yawa suna yi. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, likita za a gani, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya fara tafiya, likitan ne zai rage masa in lambar ta sauka. A fara da minti goma a riƙa ƙarawa sati bayan sati. In ana cikin tafiya aka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ƙi isa fiye da yadda aka saba, a tsaya nan take a nemi wanda zai kai mutum asibiti a ranar, kada a ce bari a ga gobe.